Tumatir ɗina na buhu yana lalacewa ina kallo, a taimaka da shawara

Maman Ihsan: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin shuka ku taimaka min. A tsakiyar watan Fabrairu na dasa tumatir a buhunan siminti guda goma sha biyu, na jera su a tsakar gida jikin katanga, nan Kano. Da farko sun taso shar da su, har maƙwabta na shigowa kallo. Yau mako uku ke nan abin ya juye. Ganyen sama ya ƙanƙance ya naɗe kamar cokali, gefensa ya yi rawaya. Fure yana fitowa, sai ya bushe ya zube. 'Yan ƙwayoyin da suka samu suka ƙulla kuwa, ƙasansu ya yi baƙi ya lotsa. Ruwa ina ba su, taki na sa. Yaron da na aika kasuwa ya dawo min da wata kwalba ko takarda babu a jikinta, wai a fesa. Ban fesa ba tukuna, don zogalena da alayyahu suna wurin, yara kuma a nan suke wasa. Yaya zan yi?

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya wannan sharon ne, ba ko tantama. Ki yi maza ki fesa tun bai cinye sauran ba.

Ɗan Kura: Malam Abban Sadik, a yi haƙuri, wannan ba kamannin sharon ba ne. Mu da muke noman tumatir a yankin Kadawa mun san sharon kamar yunwar cikinmu. A 2016 ya addabe mu, cikin kwanaki gona ta koma kamar an bi ta da wuta, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a shekarar. Shi tsutsa ce 'yar mitsitsiya da ke shiga tsakiyar ganye ta cinye koren, ta bar fatar sama da ta ƙasa. Idan ka ɗaga ganyen ka kalli rana ta cikinsa za ka ga fili fari-fari kamar leda, da baƙin kashinta a ciki, wani lokaci har ita kanta tsutsar tana motsi. A jikin ɗan tumatir kuma huda take yi, galibi kusa da hular. Hajiya ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Baba Malamin Gona: 'Yata Maman Ihsan, kafin komai ki ɗauke kwalbar nan ki ajiye inda hannun yaro ba zai kai ba. Sannan ga aiki guda uku. Gobe da sassafe ki girgiza gindi ɗaya, ki ga ko wasu fararen ƙwari ƙanana kamar gari za su tashi. Ki juya bayan ganye ki duba da kyau. Ki kuma tura yatsa cikin buhun da ƙarfe biyu na rana ki gaya mana abin da kika ji. Kuma wane taki kika sa, sau nawa?

Maman Ihsan: Baba ai ba sai gobe ba, yanzu na fita na girgiza. Sun tashi fari fat kamar an kaɗa buhun fulawa, suka koma suka zauna. Bayan ganyen duk su ne, kuma yana danƙo a hannu. Ƙasar buhun da rana zafi gare ta kamar toka, a bushe. Ruwa da safe nake ba su, amma ranar da famfo bai kawo ba sai su kwana biyu ba su samu ba, in ya zo sai in cika musu sosai. Taki kuwa yuriya ce, ina barbaɗa cokali guda kowane mako.

Baba Malamin Gona: To alhamdulillahi, kin ba mu amsar da kanki. Ba cuta ɗaya ke damun tumatir ɗinki ba, abu uku ne suka haɗu, kuma a cikin ukun guda ɗaya tak ne ya shafi ƙwaro.

Naɗewar ganye aikin farin ƙudan nan ne. Tsotson ruwan ganye da yake yi ba shi ne babbar ɓarnar ba. Babbar ɓarnar ita ce ƙwayar cutar da yake ɗaukowa daga gindi mai ciwo ya kai wa mai lafiya, kamar yadda sauro ke yi da zazzaɓi. Gindin da cutar ta riga ta shiga ba ya warkewa. Ko maganin duniya za ki zuba masa, ganyen nan ba zai miƙe ba, kuma ba zai yi 'ya'yan kirki ba. Abin da ya rage shi ne ki tsige waɗanda suka naɗe sosai suka tsugune, ki sa leda ki lulluɓe su kafin ki tsige don kada ƙudan ya watse, ki ɗaure ki fitar da su daga gidan. Na san da ciwo, amma barin su hana sauran lafiya ne.

Baƙin da ke ƙasan tumatir ba ƙwaro ba ne, ba kuma ruɓa ce mai yaɗuwa ba. Sinadarin kalsiyam ne bai isa can ƙarshen ɗan ba. Sau da yawa sinadarin yana nan a ƙasa, amma ruwa ne ke ɗaukar sa zuwa sama. Yau ƙishi, gobe ambaliya, sai ɗan da ke girma ya rasa rabonsa. Yuriyar da kike zubawa kowane mako ta ƙara dagula lamarin, domin tana ingiza ganye ya yi ta tofo, ganyen kuma ya janye ruwan da abin da ke cikinsa ya bar 'ya'yan. Ki dakatar da ita yau.

Zubar fure kuwa zafi ne. Tumatir ba ya son rana ta haura maki 35 dare kuma ya ƙi sanyi, garin furen lalacewa yake yi. Ke kuma a Afrilu kike, a Kano, a kan siminti, jikin katanga.

Ummu Khalil: Ikon Allah. Baba kamar ka leƙo gidana bara. Ni cewa aka yi in daka ɓawon ƙwai in zuba, na tara na wata guda a wurin mai shayin layinmu, baƙin bai daina ba.

Baba Malamin Gona: Ɓawon ƙwai ba laifi, amma yana daɗewa ƙwarai kafin ya narke a ƙasa, shukar bana ba za ta ci moriyarsa ba. Ki zuba shi a ramin taki. Abin da ke tsayar da baƙin nan shi ne ruwa daidai wa daida kullum.

Mai Maganin Feshi: Baba Allah ya ƙara girma, bayaninka babu gyara. Sai dai na hango inda maganar za ta dosa, yanzu za a ce darbejiya. Ni sana'ata ke nan shekara da shekaru. Farin ƙuda idan ya kai yadda Hajiya ta kwatanta, ruwan ganye ba ya kashe shi. Akwai magunguna masu rajista da aka yi dominsa, a sa daidai awo, a jira kwanakin da aka rubuta kafin a tsinka. Mutane suna tsoron magani alhali tumatirin da suke saya a kasuwa da shi aka noma.

Anti Nas: Malam, tumatirin kasuwa a gona aka fesa shi, ba a tsakar gidan da yaro ke rarrafe ba. Ni a asibiti nake aiki, na karɓi yaran da suka sha maganin ƙwari saboda an juye shi a robar lemo an ajiye a bayan ƙofa. Kuma kada mu manta abin da aka kawo mata: kwalba babu suna. Ba a san awonsa ba, ba a san kwana nawa za a jira ba, idan wani abu ya faru likita bai san me zai ba da ba. Akwai masu ɗura fiya-fiya su sayar a matsayin maganin lambu. Alayyahu da zogale ganyensu ake ci kai tsaye, wasu ma kwaɗo za a yi.

Mai Maganin Feshi: Anti a kan kwalba marar takarda ni da ke bakinmu ɗaya. Ni ba na sayar da awo, ko mutum zai yi fushi. Duk maganin da babu lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikinsa, kada a karɓa. Hajiya ki mayar masa da kayansa, kada ki zubar a kwata. Abin da nake cewa kawai, kada a nuna wa mutane kamar darbejiya tana maganin komai.

Ɗan Kura: Ni da nake fesa magani duk shekara zan faɗi abin da na gani. A shekarar sharon babu irin maganin da ba mu zuba ba, wasu har haɗa uku suke yi a tanki ɗaya, ƙwaron yana nan. Ya saba. Farin ƙuda ma haka yake, in ka dage masa da magani iri ɗaya, bayan 'yan makonni sai ka ga kamar ruwa kake fesa masa. Mu dole ce ta sa, kadada guda ba a bin ta ganye-ganye. Amma buhu goma sha biyu? Wannan ai da hannu ma a gama da shi. Kuɗin magani da na hayar famfo sun fi kuɗin tumatirin da za ta samu a wannan zafin.

Maman Ihsan: Na gode ƙwarai. Gaskiya hankalina ya fi kwanciya da darbejiyar, ga ta nan a ƙofar gida. Ganyen zan dafa ko yaya?

Na Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Hajiya, mu nan bedi muke ce mata, kuma masu garka sun daɗe suna aiki da ita. Ƙarfin yana cikin ƙwallon, ganye bai kai shi ba. Ki tsinto 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, ki wanke naman, ki shanya a inuwa. Wanda ya yi fumfuna ki yar. Ki daka a turmin da ba na abinci ba, don ɗacin ba ya fita. Awo kamar giram 50 ne a lita guda, wato rabin kilo a bokitin lita goma. Ki jiƙa ya kwana, da safe ki tace da ƙyalle mai laushi sau biyu saboda kada ya toshe bakin abin feshi. Ki narka ɗan sabulun wanka ko na sanda kaɗan a ciki don ya kama ganye. Kada ki dafa, wuta tana rage masa ƙarfi. Kuma da yamma ake fesawa, rana tana kashe shi. Bayan ganye za ki bi, can suke zaune da ƙwayayensu. Duk kwana biyar zuwa bakwai ki sake sabon haɗi, wanda ya kwana biyu ya tashi aiki.

Baba Malamin Gona: Madalla da Na Maraɗi. Abin da zan ƙara shi ne haƙuri. Darbejiya ba ta zubar da ƙwaro nan take a gaban idonki. Hana shi ci take yi, ta hana ƙananan girma su zama manya. Sai feshi na biyu ko na uku za ki ga bambanci. Shi ya sa masu gaggawa suke cewa ba ta aiki. Kuma maganar Mai Maganin Feshi tana kan hanya, ba komai take kashewa ba, gindin da ya riga ya kamu kuma ba za ta dawo da shi ba. Ki fara gwada haɗin a ganye biyu uku ki kwana ki gani, domin sabulu in ya yi yawa yana ƙona ganye. Omo kada ya shiga.

Ummu Khalil: Ga wata dabara da na koya wurin wata maƙwabciyata. Ki samu tsohuwar jarkar man gyaɗa, rawayar nan, ki yanka ta falle-falle kamar tafin hannu biyu, ki shafe da basilin ko giris, ki rataya daidai tsayin kan shukar. Farin ƙuda yana son rawaya, da kansa zai je ya manne. Ranar farko da na rataya, kafin magariba robar ta yi dabbare-dabbare. In ta cika ki goge ki sake shafawa.

Abban Sadik: Na karɓi gyara, Allah ya ƙara sani. Ni kuma wani ya ce min ruwan taba yana kashe su.

Baba Malamin Gona: Yana kashewa, amma ka nisance shi. Guba ce mai shiga ta fata, sannan taba tana ɗauke da wata cutar ganye da ke kama tumatir da tattasai. Mai shan taba ma ana so ya wanke hannu kafin ya taɓa su.

Basakkwace: Ni tambayata daban ta. Na dasa lemun tsami da mangwaro bayan ɗaki, na lulluɓe gindinsu da ciyawa kamar yadda ake cewa, sai gara ta hau ta ɗebe mangwaron ƙaf. Yanzu in an ce Hajiya ta rufe buhunanta da ciyawa, ba gara za a kira mata ba?

Na Maraɗi: Gara tana bin busasshen abu da itacen da ƙishi ya galabaitar. Wajen Tawa masu tassa har murna suke yi da ita: a haƙa rami a fako, a zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga. Matsalar ita ce ka jingina ciyawar da jikin itacen. Ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsu, ka zagaya gindin da toka, ka riƙa karya hanyar da take ginawa a jikin ɓawo duk safiya. Tunkuzar bedin da aka tace ma a zuba ta nan. Shi kuma lemu ka yi masa kwari a zagaye, ruwa ya tsaya nesa da gindi. In ruwa na kwanciya a jikinsa, za ka ga ya fara fitar da ƙaro, daga nan sai bushewa.

Ɗan Kura: Hajiya ke buntun shinkafa za ki nema, ba ya wahalar samu a Kano. Ki zuba kaurin yatsa biyu a saman kowane buhu. Ki ɗaga buhunan daga kan siminti, ko a kan katako ko bulo, ki huda ƙasansu in ba ki huda ba. Ki matsar da su daga katangar da rana ke duka da la'asar, ko ki yi musu 'yar rumfa da tsohon buhun albasa. Ki ajiye duro ɗaya na shuka kaɗai saboda ranar da famfo ya ƙi, ki riƙa ba su safe da yamma a gindi, ba a ka ba.

Anti Nas: Duron a rufe shi don Allah, da murfi mai nauyi. Saboda sauro, saboda kuma yara.

Maman Ihsan: In sha Allah. Ruwan wanki fa? Mu da ruwa ke wahala ina ganin asara ne a zubar.

Baba Malamin Gona: Ruwan alwala, ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye, duk ki ba su. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ki kai wa manyan itatuwa. Amma mai omo da bilic kada ya shiga buhu, gishirinsa taruwa yake yi, ƙasar buhu kuma ba ta da inda za ta kai shi.

Sai babbar maganar da nake so kowa ya riƙe, domin na ga mutane da yawa suna yanke ƙauna da lambun gida a kanta. Tumatir a ƙasarmu amfanin sanyi ne. A yafa iri a Satumba ko Oktoba, a dasa bayan mako huɗu zuwa biyar, ya yi fure cikin hunturu, a ci daga Janairu zuwa Maris. Ku duba kasuwa mana: lokacin da kwando ke araha da lokacin da yake tsada. Manoma ba lalaci ke hana su kawo shi a Mayu da Yuni ba. Kin dasa a lokacin da su Ɗan Kura suke tsinka. Kuma farin ƙudan da ya taru a gonakin rani, idan aka tashi daga gonakin, koren da ya rage a gari yake nema.

Gadon irin ma a rufe shi da tsohon gidan sauro wanda aka daina kwana a ciki, a ɗinke hudojin. Cutar naɗewar ganye ta fi yin illa idan ta kama shuka tana ƙarama. Dashen da aka saya a bakin titi kuwa, a juya bayan ganyensa kafin a biya.

Maman Ihsan: Wallahi Baba dashen saya na yi, ban duba komai ba. To buhunan da zan tsige fa, in bar su haka har Satumba?

Ɗan Kura: A'a, ki sa kuɓewa, ita zafi abincinta ne, cikin wata biyu kin fara tsinka. Sai dai farin ƙuda yana son ta ita ma, don haka ki bari ki ga ya ragu tukuna, kamar mako biyu. Alayyahu kuma wata guda ya isa yanka. Ga rama, ga lalo. Kada dai ki mayar da tattasai ko attaruhu ko gauta a ƙasar da tumatir ya tashi, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Kuma in kin tsige ki duba saiwar. Idan kika ga ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, to akwai tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, kuɓewa ma ba za ta tsira ba. Wannan ƙasar ki juye ta a kan siminti ki baza, ranar Afrilu ta gasa ta mako biyu uku kina juyawa.

Ummu Khalil: Tunda an zo maganar ƙasa, ni kashin kaji ne ya taɓa ƙone min alayyahu gaba ɗaya. Daga keji na kwaso na zuba, kwana biyu ganye ya yi kamar an watsa masa ruwan zafi.

Baba Malamin Gona: Ɗanye ne. Kashin kaji sai ya ruɓe wata biyu zuwa uku. Ku haƙa rami a lungun gida, ku riƙa zuba sharar ganyen da kuke ƙonawa kullum, da ɓawon kayan miya, da kashin awaki da na kaji, da 'yar toka, a yayyafa ruwa, a juya duk mako biyu. Leda da batir da ƙashi kada su shiga. In ya yi baƙi, ya daina zafi, yana ƙamshin ƙasar farkon damina, ya nuna. Gwazarmar da kuka tono a ciki ku tsince ku ba kaji kafin ku cika buhu. Kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya takin nan, da ɗan yashi idan ƙasar laka ce. Wanda ya yi haka, takin zamani na kamfa cokali guda bayan dashe ya kama da wani lokacin fure ya ishe shi, a binne nesa da gindi.

Maman Ihsan: Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana goma sha biyu. Na tsige bakwai, saiwarsu lafiya lau babu ƙulli. Biyar da suka rage na ɗora su a kan bulo ƙarƙashin zogale, na zuba buntu, na yi feshin darbejiya sau biyu. Ƙudan bai ƙare ba amma ya ragu sosai, robar rawaya kam na goge ta sau uku. Fure har yanzu yana zuba. Sai dai sababbin 'ya'ya guda tara da suka ƙulla babu mai baƙi ko ɗaya, Ihsan ce ke ƙirga su kullum kafin ta tafi makaranta. Kwalbar an mayar wa mai ita. Allah ya saka wa kowa da alheri. Yanzu kuɓewar nake so in sa, ƙwaya nawa a buhu?

Ɗan Kura: Amin Hajiya. Ki jiƙa irin ya kwana, ki sa uku a kowane buhu, zurfin gaɓar yatsa. In sun yi ganye huɗu ki cire ɗaya ki bar biyu masu ƙarfi. Ki kife musu tsohon kwando har su tasa, ƙadangare yana cinye su tun suna ganye biyu.